Kabad ɗin kakana: wane katako ne, kuma me zan shafa masa?

Ummu_Sadiq_TudunWada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san katako a cikinmu. Da aka yi rabon gadon gidanmu na Sabon Garin Zariya bayan rasuwar Babanmu, Allah ya jiƙansa, kabad ɗin kakanmu ya faɗo a rabona. Kakan namu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma ni dai na buɗe ido na tarar da kabad ɗin a ɗakinsa. A ciki yake ajiye Alƙur'aninsa da takardun fansho da kwalbar turarensa, har yau in na buɗe ƙofar dama ina jin ɗan ƙamshin. Tsayinsa ya kai kafaɗata, ƙofa biyu a sama, durowa uku a ƙasa, mariƙansa na tagulla. Maza huɗu ne suka ɗora shi a mota.

Yanzu ya yi baƙi, samansa ya tsattsage kamar bayan kada, ga shatin gindin kofi fari har guda uku, ga kuma wani gari mai laushi da nake sharewa a ƙarƙashin durowar ƙasa kusan kowace safiya. Na kira wani kafinta, bai yi minti biyar yana dubawa ba ya ce mahogani ne, zai sa inji ya goge shi tas ya fesa masa mai ƙyalli, kwana biyu ya gama. Maigida ya ce a ba shi kawai. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Yaya zan gane ainihin katakon? Kuma me ya dace a shafa masa wanda ba zai mayar da shi kamar kayan ɗakin amaryar bana ba? Ga hotuna nan na sa.

Abu_Hanwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Anti, don Allah ki dakata da maganar injin nan tukuna. Abin da inji ya cinye ba ya dawowa.

Dan_Feshi_PZ:
Hajiya, ni sana'ata ke nan shekara tara. Daga hoton nan ma mahogani ne, dubi jan da ke leƙowa ta gefen ƙofa inda hannu ya goge. Kafintan bai yi ƙarya ba. A goge, a sa sila (shafin farko mai toshe hudojin katako) sau biyu, a fesa laka (ruwan ƙyallin da muke fesa wa katako) sau uku, wallahi sai kin ga fuskarki a jiki. Kuma ba dole ne ya yi ƙyalli ba, akwai wadda ba ta sheƙi in ita kike so. Mutane suna raina feshi ne saboda sun saba ganin aikin masu ha'inci da ke cika tina, ruwan da ake tsinka ta da shi, su rage laka.

Baba_Kafinta_Muciya:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. 'Yata, na fara riƙe zarto tun ana kashe sule da sisi, kuma ban taɓa iya faɗin sunan katako daga hoto ba, balle wanda aka shafa wa launi shekara da shekaru. Jan da ɗana mai feshi ya gani yana iya zama na katakon, yana iya zama na rini. A zamaninmu ma muna rina farin katako ya koma ja in mai kaya ba shi da kuɗin mahogani.

Ga abin da za ki yi, ba sai kin kira kowa ba. Ki zare durowa ɗaya gaba ɗaya ki kife ta. Bayan durowa da ƙarƙashinta da cikin kabad daga baya, nan ne ba a shafa komai, nan katako ke faɗin gaskiyarsa. Ki sami reza sabuwa ki kankare wuri kamar faɗin farcenki a jikin ƙafar baya, ta ciki, har sai sabon nama ya fito. Ki duba launinsa a hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba, ki sansana shi nan take kafin iska ta kwashe ƙamshin. Sannan ki danna farcen babban yatsa. In ya lotsa, katako ne mai taushi. In farcen ne ya ji jiki, ki gaya mini.

Ki kuma duba kusurwar durowar, inda gaba ya haɗu da gefe. Haƙora ne aka sassaƙa suka shiga juna, ko ƙusa aka buga? Sai ki bi gefen saman kabad ɗin da ido: zanen katakon da ke sama ya gangaro har baki, ko kuwa akwai wani siririn ɓawo da aka manna a kan wani katako daban? In ɓawo ne, kaurinsa bai fi na katin waya ba, inji zai huda shi kafin mai gogewa ya ankara. Na ga an yi wa teburin wani bawan Allah haka, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Malam_Gandun_Daji:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gama magana kan yadda ake dubawa. Ni zan ɗan tsaya a kan kalmar mahogani, don a bakin 'yan katako ta zama sunan duk wani jan katako.

Namu na nan arewa shi ne maɗaci, wannan itacen mai ɗacin ɓawo da ake jiƙawa a sha, wanda aka jera a bakin titunan GRA da Samaru. Katakonsa ja ne mai duhu, da nauyi, da tauri. 'Yan'uwansa na kurmi a kudu sun fi shi sauƙin nauyi da sauƙin aiki, su aka fi yankawa a yi kayan ofis da na gidajen gwamnati. Akwai kuma safele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, inda aka yi babban kamfanin katako da filawud tun zamanin Turawa. Shi in aka kankare yana da ƙamshi mai daɗi, kuma yana da ratsi-ratsi dogaye masu canza haske in ka matsa gefe. Duk dangi ɗaya ne da dogon yaro.

Amma kayan ma'aikatan jirgin ƙasa da na gwamnati na wancan lokaci da yawansu ba mahogani ba ne, loko ne, wanda Yarabawa ke kira iroko. Jirgi ya iso Zariya wajen 1911, kuma shi ya buɗe hanyar kawo katakon kudu nan da yawa. Loko in an yanke shi sabo rawaya-rawaya yake, sai ya yi ta duhu da shekaru har ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Gara ba ta cika son sa ba, shi ya sa ake ji da shi. Sai kawo, wanda 'yan katako ke ce wa afa. Ya fi su duka nauyi, kuma a cikin 'yan hudojinsa akan ga wani abu rawaya ko fari kamar alli. In ya jiƙe yana iya rina zane rawaya.

Hajiya, in kin sami inda zarto ya yanke katakon a gicciye, kamar ƙasan ƙafa, ki yanke shi sumul da reza ki ɗan shafa ruwa, ki ɗauki hoto kusa-kusa. A loko za ki ga fararen layuka sirara suna haɗa hudojin kamar an yi ɗinki. A mahogani hudojin a warwatse suke, wasu da baƙin ƙaro a ciki.

Sani_Palladan:
Ni maganar garin nan ce ta fi damuna. Gara ce ta shiga. A sami baƙin mai wajen bakanike a shafe ƙasan da shi, mu haka muke yi wa katakon rufi kuma ba ta sake zuwa.

Hajiya_Kwarbai:
Sani ɗana, kar ka sa ta yi abin da na yi. Akwatin katako na mahaifiyata, wanda aka kai ta ɗakin miji da shi, haka aka ba ni shawara na sa aka shafa masa baƙin mai a gindi. Man ya bi jijiyar katakon ya hau har rabi. Atamfofi biyu da leshi ɗaya suka lalace a ciki, wari kuwa shekara uku bai fita ba. Da na kai a yi masa banish daga baya sai ya ƙi kamawa, ya yi ta kumbura yana ɓarewa. Yanzu yana can a sito, ba na iya sa komai a ciki, ba na kuma iya yar da shi. Katakon rufi daban, abin da ake sa tufafi da Alƙur'ani daban.

Baba_Kafinta_Muciya:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Kuma wannan ba gara ba ce. Gara ƙasa take ɗaukowa ta yi hanya, za ki ga jan gini a jikin katako ko bango. Gari mai laushi kamar fulawa da 'yan ramuka kamar an soka allura, wannan ƙwaron katako ne, tsutsarsa ke ci daga ciki. Kuma ina kyautata zaton a gindin durowa yake, don nan ake sa obeche, wani farin katako mai taushi, saboda araha da rashin nauyi, shi kuwa obeche abincinsu ne.

Ummu_Sadiq_TudunWada:
Baba, Allah ya saka da alheri, na yi yadda ka ce bayan la'asar. Kusurwar durowa haƙora ne guda biyar, ba su ma yi daidai da juna ba, wani ya fi wani faɗi, kuma akwai siririn layi da aka ja da wani abu mai kaifi a gindinsu. Babu ɓawo, zanen saman ya gangaro har baki. Gindin durowar fari ne sol, farce na shiga, kuma ramukan duk a nan suke, na ƙirga sama da talatin a ta ƙasa, sauran biyun 'yan kaɗan. Ƙafar baya kuwa rezar ma da ƙyar ta ci. Launin ciki ba ja ba ne, ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya kamar zuma. Ban ji ƙamshin komai ba. Amma da na kankari bayan allon ƙofa sai na ga shi ya fi ja sosai. Abin ya ɗaure mini kai.

A bayan kabad ɗin kuma na ga wasu lambobi da aka buga da ƙarfe, sun cike da datti. Shekara arba'in ina ganin kabad ɗin nan ban taɓa leƙa bayansa ba.

Abu_Hanwa:
Haƙoran da ba su yi daidai ba aikin hannu ne, Anti. Kar a goge layin nan da lambobin.

Dalibar_Kimiyya_Samaru:
Anti, kafin a yi gardamar me za a shafa, a fara sanin me ke jiki yanzu, kuma gwajin ba shi da wuya. Ki sami auduga da sifirit, ki zaɓi wuri ɓoyayye a gefe, ki ɗiga ki jira kamar minti ɗaya ki murza. In ya narke ya yi danƙo audugar ta yi ruwan ƙasa, shalak ne. In sifirit bai taɓa shi ba amma tina ta narkar da shi, laka ce. In duka biyun ba su narkar da shi ba, sai dai ya ɗan yamutse, to banish ne na mai.

Shalak wani ƙaro ne da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan. Ana sayar da shi ɓarɓashi-ɓarɓashi, a jiƙa a sifirit. Kyansa shi ne ko ya shekara nawa sifirit na sake narkar da shi, don haka sabo na haɗewa da tsoho su zama abu ɗaya. Tsattsagewar da kika ce kamar bayan kada, sau da yawa ana iya narkar da ita ta kwanta ba tare da an kankare komai ba. Farin shatin kofi kuma laima ce ta maƙale a cikin shafin, ba ta kai ga katako ba. Wanda ya kai ga katako baƙi yake yi.

Sai dai a kula, sifirit ɗin da ake wanke ciwo da shi yakan zo da ruwa a ciki, yana iya sa wurin ya yi fari. A nemi na masu fenti.

Ummu_Sadiq_TudunWada:
Ƙanwata, ya narke! Audugar ta yi kamar an tsoma ta a shayi, wurin kuma da ya bushe sai ya yi sumul, har zanen katakon ya fito.

Dan_Feshi_PZ:
To shi ke nan, shalak ne, ban musa ba. Amma bari in faɗi abin da ba a faɗa ba. Shalak ba ya jure ruwa in ya daɗe a kai, ba ya jure zafin kofi, turare ma in ya zuba a kai sai ya ci shi saboda sifirit ɗin da ke cikin turaren. Shatin kofi uku da take magana daga ina suka zo? Gidan da ke da yara, wannan ya ajiye kofin koko wancan ya ajiye robar ruwan sanyi, wata shida za ta dawo tana neman mai gyara. Ni abin da zai daɗe nake ba mutum shawara, don in ya lalace sunana ne zai ɓaci. In ba ta son laka, ta sa foliyuritan, banish ɗin zamani mai tauri kamar roba, a saman kawai, shi ko ruwa ya kwana ba ruwansa.

Baba_Kafinta_Muciya:
Ɗana, maganarka akwai gaskiya a ciki, ba zan ƙi ba. Amma shafin nan ya fi mahaifinka shekaru, kuma abin da ya same shi duka shati uku ne da tsagewa, wanda za a gyara da tsumma da rabin kwalbar sifirit. Foliyuritan ranar da ya tsage ko ya ɓare, ba ya karɓar faci, sai an kankare duka an koma farko. Kowace kankara kuwa nama take ci. Kabad ne wannan, ba teburin cin abinci ba. A yanka gilashi a ɗora a sama in ana tsoron kofi.

Dan_Taraba_a_Zariya:
Ku gafarce ni in ɗan karkata. Duk wanda ke da tsohon kayan katako na gaske ya riƙe shi da kyau, don irinsa ƙarewa yake. A gabana aka share madobiya a dazukanmu, tirela bayan tirela ana kaiwa tashar jirgin ruwa zuwa Caina. Wuraren da muke kiwo muna yara, inda madobiya ke yin fure rawaya da rani ana sare wa shanu ganyenta, yanzu kututture ne kawai. Jiya na shiga wajen 'yan katako neman abin da zan yi benci, yawancin abin da ke ƙasa malaina ne, farin katakon itacen da ake shukawa, da ɗanyen katakon da ko bushewa bai yi ba.

Malam_Gandun_Daji:
Haka ne ɗan'uwa. Sarar ta yi yawa har a 2016 aka sa madobiya a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Kuma itace ne mai jinkirin girma, wanda ya sare ba zai ga madadinsa ba. Ƙirya ma da ake turmi da taɓarya da ita gawayi na cinye ta. Kakanninmu sun san wane itace ne na wane aiki: azarar giginya a rufi saboda gara, kamar yadda shahararren maginin nan Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na cikin birni, ƙirya a turmi, rimi kuwa duk girmansa da yawansa a garin nan ba a yin abin ajiya da shi don taushinsa.

Mu koma kan kabad. Hajiya, akwai shelf a ciki da ke fita? In akwai, ki auna tsawo da faɗi da kauri da tef ɗin tela, ki kai wa mai sikeli ya auna nauyinsa.

Maman_Biyu_Gyallesu:
Tunda ana maganar, ni ma ina da ƙaramin gadon yara na katako tun na yayyena, an yi masa koren fenti an sake maimaitawa ya fi sau uku. Ina so in goge da sanfefa in sa wa jaririna. Wace lamba zan saya?

Dalibar_Kimiyya_Samaru:
Maman Biyu, don Allah kar ki goge shi a bushe, kuma kar a yi aikin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a ciki, ƙurarta kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, ga shi jariri in haƙori ya fara fito masa bakin gado yake gurgura. Kin tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gida ta fito, amma dalmar ɗaya ce. In dole sai an yi amfani da gadon, a kai shi waje, a cire fentin da maganin cire fenti yana jiƙe, a tattara dattin a leda, mai aikin ya rufe hanci ya wanke hannu da tufafinsa. Ni da zan ba ki shawara, ki sa a yi wa jaririn sabo, wannan ki ajiye shi.

Maman_Biyu_Gyallesu:
Innalillahi. Na gode ƙanwata, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Ummu_Sadiq_TudunWada:
Malam, shelf ɗin ya fita. Tsawo santimita 80, faɗi 30, kauri 2. Sadiq ya kai shagon mai kaji an ɗora a sikeli, kilo 3 da ɗigo 2. Na kuma yanki ƙasan ƙafa kamar yadda ka ce, ga hoton. Ni dai ina ganin kamar akwai fararen layukan.

Malam_Gandun_Daji:
Madalla. 80 sau 30 sau 2 ya ba da 4,800. In aka raba giram 3,200 da shi, ana samun kusan 0.67, wato nauyin katakon in aka gwada shi da na ruwa mai girmansa. Obeche yana wajen 0.38, da shi ne da shelf ɗin bai kai kilo 2 ba. Kawo yana wajen 0.8, da ya doshi kilo 4. Loko kuwa wajen 0.66 yake. Ga launin zuma, ga rashin ƙamshi, ga fararen layuka a hoton. Ni na tsaya a kan cewa ƙafafu da firam da shelf loko ne, allunan ƙofa mahogani, gindin durowa obeche. An haɗa uku, aka sa shalak mai duhu ya daidaita launinsu. Wannan kuma wani dalili ne na kada a kankare: ranar da aka goge shi tas aka fesa farar laka, zai fito kala biyu.

Alhaji_Kofar_Doka:
Malam, ban yarda da kai duka ba. Mahaifina dillalin katako ne, a cikinsa na girma. Nauyi kaɗai ba ya raba gardama, mahoganin kudu mai nauyi yana kaiwa nan, kuma katakon da ya shekara sittin yana shan hunturun Zariya ya bushe ƙarau, ya fi na littafi sauƙi. Kawo ma in ya tsufa launin zuma mai duhu yake yi, kuma shi ma yana da fari kewaye da hudojinsa. Maza huɗu fa ta ce suka ɗauka. Ni sai na riƙe shi a hannu na ƙwanƙwasa na ji amonsa.

Malam_Gandun_Daji:
Ranka ya daɗe, gaskiya ne kawo na da fari a kewayen hudoji, amma nasa kamar ido yake, kowane da nasa, na loko ne ke miƙewa ya haɗu da na kusa. Ka ƙara girman hoton ka gani. A kan allunan ƙofa dai ban ce maɗacinmu ne ko na kudu ba.

Alhaji_Kofar_Doka:
Na ƙara, idona bai raba mini ba. Ina nan a kan bakana.

Zainab_Wusasa:
Ni kakata man kaɗanya take shafa wa kujerarta 'yar tsugune da akushi, har yau suna sheƙi. Ba za a iya shafa shi ko man gyaɗa ba a huta da sayen kayan kanti?

Baba_Kafinta_Muciya:
Jikata, akushi kullum ana wanke shi ana sake shafawa, shi ya sa. Man kaɗanya da man gyaɗa ba sa bushewa. A jikin kabad za su zauna da danƙo, ƙurar hunturu ta manne, man gyaɗa kuma ya yi ɗoyi. Man da ke bushewa shi ne linsid, wanda masu fenti ke aiki da shi. Shi ma in loko ne a yi hattara, akwai wani abu a jikin loko da ke hana mai da banish bushewa da wuri, na taɓa yin ƙofa ta kwana biyar tana kama hannu. Sai an fara goge shi da tina. Kuma duk wanda ya yi aiki da linsid kada ya dunƙule tsumman ya jefa a kwana, da kansa yake ɗaukar zafi ya kama wuta. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

In ana son abin gida, kakin zuma ne. A narkar da shi a cikin gwangwani da aka sa a ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, a sauke, a zuba tafentain, ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, a juya har ya yi kamar man shanu. Bayan shalak ya bushe da mako guda a shafa kaɗan, a goge da tsohuwar atamfa.

Dan_Feshi_PZ:
Abu ɗaya da ni da Baba ba za mu saɓa ba shi ne lokaci. Yanzu ruwa bai gama ɗaukewa ba, iska da laima. Ko laka ko shalak, in aka shafa da safe ko bayan ruwa fari yake yi kamar hazo. In kuma aka bari hunturu ya kankama, ƙura ce za ta zauna a kai kafin ya sha iska, shalak kuma ya riƙa bushewa a bakin buroshi. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi, a cikin ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa a rufe taga.

Abu_Hanwa:
Kuma in durowa na cijewa yanzu kar a fere ta. Damina ce ta kumbura ta, Disamba da kanta za ta saki. A goga mata kyandir a gefe.

Ummu_Sadiq_TudunWada:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nuna wa maigida duk abin da aka rubuta, ya yarda a bar maganar inji, amma shi yana bayan Ɗan Feshi a kan saman, wai ya san 'ya'yansa. Ni kuma gilashin Baba ya fi kwanta mini. Ba mu gama wannan ba tukuna. Yau dai na wanke gefe ɗaya da tsumma mai ɗan kananzir kamar yadda wata ta turo mini ta akwatin saƙo, dattin da ya fita ba a magana, har wani zanen fure ya bayyana a saman ƙofa wanda na manta da shi sam.

Saura gindin durowa. A cire a sa sabo, ko akwai yadda za a kashe ƙwarin a bar na asali? A jikin na tsakiya akwai lissafin da kakana ya yi da fensir, ba na so a yar.

Sani_Palladan:
A cire duka a sa filawud, in ba haka ba za su koma sauran kayan ɗakin.

Baba_Kafinta_Muciya:
'Yata, irin wannan gindin a cikin tsagi yake zaune, ƙusa ɗaya ko biyu ne ke riƙe shi ta baya, in an cire zai zaro kamar faranti. Na ƙasan da ya yi ramuka talatin ya gama yawo, a yanka sabo. Sauran biyun a zare su, a sa a baƙar leda a ɗaure, a ajiye a kan kwano da tsakar rana kwana uku ana juyawa, zafin na kashe tsutsar da ƙwan. Allunan kaɗai fa, kar a sa durowar duka, rana za ta narkar da shalak ta saki gam. Bayan nan ki shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashinsu mako biyu ki ga ko gari zai sake zuba. Rubutun fensir ba abin da zai same shi, kar dai a sa masa sifirit ko ruwa.

Ki aiko Sadiq da shelf ɗin da durowa ɗaya ranar Asabar bayan azahar, jikana zai tura miki kwatance. Alhaji, in kana da sarari ka biyo ka ƙwanƙwasa da kanka.

Alhaji_Kofar_Doka:
In sha Allahu zan zo. Zan taho da guntun kawo da na loko da suka rage a shagon mahaifina, a jera su gefe da gefe.